Yadda ake tsara atisayen ƙwallon kwando na zamani

Kocin da yake son sanin ko atisayensa na aiki, ya tsaya gefen fili ya zaɓi yaro ɗaya, ya ƙirga sau nawa ƙwallo ta shiga hannunsa cikin minti 10. A ce yara 12 ne a layi guda, ƙwallo ɗaya, kowa ya ruga ya jefa a kwando ya koma baya. Idan kowane zagaye yana cin daƙiƙa 10, zagaye 60 ke nan, kowane yaro ya samu 5. Sauran lokacin yana tsaye ne yana kallon ƙeyar na gabansa. Kuma cikin jifan nan 5 babu ko ɗaya da wani ya tare masa hanya ko ya ɗaga masa hannu a fuska. Ranar wasa kuwa, babu jifan da zai yi ba tare da mai tsaro a jikinsa ba.

A nan horon zamani ya rabu da na da. Abin da ake nema shi ne atisaye ya yi kama da wasa: akwai abokin hamayya, akwai zaɓi tsakanin abu biyu ko uku, akwai maki, akwai agogo. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1982 malamai biyu a Jami'ar Loughborough ta Ingila, David Bunker da Rod Thorpe, suka kawo shawarar a fara koyar da wasanni ta hanyar ƙananan wasanni, a bar yaro ya ga matsalar da idonsa kafin a koya masa dabarar warware ta. Ga yadda za ka bi da shi a filin siminti, da ƙwallo uku ko huɗu, cikin minti 90.

Mataki na farko: zaɓi abu ɗaya, ka rubuta shi

Kada ka zo fili da buri bakwai. Koma kan wasanku na baya ka duba inda aka ci ku. Masanin lissafin wasan, Dean Oliver, ya taƙaita abin da ke kawo nasara zuwa abubuwa huɗu: kyawun jifa, yawan zubar da ƙwallo ga abokan hamayya, cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando wato ribawun, da samun jifan kyauta. Ba ka buƙatar kwamfuta. Ka ba yaron da ke benci takarda da biro, duk lokacin da kuka zubar da ƙwallo ya ja layi, duk lokacin da abokan hamayya suka sake cafke ƙwallon da suka jefa ta ƙi shiga ya ja wani. Bayan wasa biyu za ka ga inda rami yake.

A ce ka ga ana ƙwace muku ƙwallo ne saboda yaro yana riƙe ta da daɗewa. To taken atisayen yau ke nan: yanke shawara da sauri. Duk abin da za a yi, daga ɗumama jiki har wasan ƙarshe, ya komo kan wannan.

Sai ka rubuta jadawalin a ƙaramar takarda, minti da minti, ka sa a aljihu. John Wooden, wanda ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 da UCLA tsakanin 1964 da 1975, a kan ƙananan katuna yake rubuta nasa, kuma yana ajiye su ya duba a shekara mai zuwa. Misalin rabon lokaci: minti 10 ɗumama jiki, 15 ɗaya da ɗaya a gindin kwando, 15 jifa, 20 ƙananan wasanni, 10 tsaro, 15 biyar da biyar, 5 jifan kyauta da tambayoyi. Shan ruwa yana shiga tsakani, minti ɗaya ɗaya, kuma a watannin zafi kamar Maris da Afrilu ka ƙara yawansa ko da zai ci daga lokacin wasan ƙarshe. Yawancin masu horar da yara a Kano, Zariya ko Kaduna tsakanin la'asar da magariba suke da shi, don haka minti ɗaya ba na zubarwa ba ne.

Mataki na biyu: ɗumama jiki da ƙwallo a hannu

Zagaye fili sau goma ba ya koyar da komai. Ka tara kowa cikin da'irar maki uku. Masu ƙwallo suna buga ta ƙasa suna tafiya, marasa ƙwallo suna neman su taɓe ta. Wanda aka taɓe tasa ya zama mai farauta. Cikin minti biyu kai ya ɗago daga kallon ƙwallo, saboda wanda ya sunkuya yanzu za a raba shi da ita. Bayan minti biyar ka canza doka: hannun hagu kaɗai.

Sauran minti biyar na ƙafafu ne: tsalle da ƙafa ɗaya a sauka a tsaya cak na daƙiƙa biyu, tsugunawa, tafiya a karkace, birki bayan gudu. Ka sa ido kan gwiwa lokacin sauka, kada ta karkato ciki. Gurɗewar idon sawu ita ce raunin da ya fi yawa a wannan wasa, siminti kuma ba ya yafiya. Lokacin hunturu a share filin kafin a fara, don ƙurar da ta kwanta a kai santsi take sa shi.

Mataki na uku: ɗaya da ɗaya, amma da fifiko

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne kocinmu da yawa ke kuskure ta fuska biyu. Wasu suna sa yaro ya zagaye robobin alama ya je ya jefa shi kaɗai. Wasu kuma suna jefa shi cikin ɗaya da ɗaya na gaske, inda mai ƙarfi yake danne mara ƙarfi, babu wanda ya koyi komai. Hanyar tsakiya ita ce ka ba mai kai hari ɗan fifiko, yadda zai ci sau da yawa amma ba kullum ba.

Ga yadda ake yi. Yara biyu su tsaya a layin maki uku suna kallon kwando, kafaɗa da kafaɗa. Mai ƙwallo ne ke farawa, duk lokacin da ya ga dama. Da ya motsa, mai tsaro ya bi. Tun da mai tsaro yana gefe ne ba a gaba ba, mai ƙwallo yana da rabin taki a kansa. Yanzu dole ya karanta: idan mai tsaro yana manne a ƙugunsa, ya sa kafaɗa ya kare ƙwallon da jikinsa, ya jefa da hannun da ke nesa. Idan mai tsaro ya zo da gudu zai wuce, ya taka birki da ƙafa biyu, ya bar shi ya wuce, sannan ya jefa. Idan yana baya, ya miƙe kawai. Ba kai za ka gaya masa wanda zai yi ba. Jikin mai tsaron ne zai gaya masa.

Duk bayan zagaye uku ka canza wurin farawa: kusurwa, tsakiya, gefen hagu. Ka canza matsayin mai tsaro: gefe, baya, ko gaba amma hannunsa na bayansa har sai an buga ƙwallo ƙasa sau ɗaya. Idan ka ga mai hari yana ci kusan kowane lokaci, rage masa fifikon. Idan yana ci sau biyu cikin goma, ƙara masa. Wajen shida ko bakwai cikin goma shi ne inda nake so a tsaya, domin a nan yaro yake fama kuma bai karaya ba.

Wannan ba ya nufin an daina nuna wa yaro yadda ake taka ƙafa. Wanda bai taɓa jefawa da hagu ba, ka ware shi minti biyu a gindin allo ya yi dama, hagu, dama, hagu, atisayen da ake kira da sunan tsohon ɗan wasan Amurka George Mikan. Da ya kama, mayar da shi gaban mai tsaro. Maimaici ba tare da hamayya ba yana da amfani a farkon koyo, illarsa ita ce a zauna a kansa wata da watanni.

Yaran da suka taso da ƙwallon ƙafa a unguwa suna da riba a nan, kada ka raina ta. Hakeem Olajuwon gola ne a Legas, kuma yana buga ƙwallon hannu, kafin ya taɓa ƙwallon kwando yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka. Da ƙafafun nan ya ci kofin NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, da Houston Rockets a 1994 da 1995. Yaron da ya iya yanke mutum da ƙafa ya riga ya san yadda ake karanta nauyin jikin mai tsaro.

Mataki na huɗu: jifa daga inda ake samun maki

Fara da lissafi, don shi ya canza wasan. Jifan maki biyu daga tsaka-tsaki da ke shiga sau 40 cikin 100 yana ba ka maki 80. Jifan maki uku da ke shiga sau 33 cikin 100 yana ba ka 99. Jifan gindin kwando da ke shiga sau 60 yana ba ka 120. Shi ya sa manyan ƙungiyoyi suka koma neman gindin kwando, jifan kyauta da maki uku, musamman daga kusurwa inda layin ya fi kusa: a dokar FIBA, hukumar wasan ta duniya, mita 6.75 ne a inda layin ya lanƙwasa, 6.60 a kusurwa. A kakar 2017 zuwa 2018 Houston Rockets ta jefa maki uku fiye da maki biyu, abin da ba a taɓa yi ba a NBA. A Yulin 2021 D'Tigers, ƙungiyar maza ta Najeriya, ƙarƙashin Mike Brown, sun doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas, sun zura maki uku har sau 20.

Amma a yi hattara. Wannan lissafin na manya ne. Yaro ɗan shekara 11 da ke wurga ƙwallo daga ƙirji don ta kai kwando mai tsayin mita 3.05 daga layin maki uku, hannunsa yake lalatawa. Ƙa'idojin yara da NBA da hukumar ƙwallon kwando ta Amurka suka fitar a 2018 sun ce 'yan shekara 11 zuwa ƙasa su bar maki uku, a rage musu tsayin kwando, a ba su ƙaramar ƙwallo. Idan ba ka da kwandon da ake saukewa, aƙalla ka nemo ƙwallo mai lamba 5, ka ja musu layi da alli kusa da kwando. Lamba 6 ta mata ce, lamba 7 ta manyan maza.

Tsarin minti 15 ɗin: uku uku, ƙwallo ɗaya ko biyu. Ɗaya na jifa, ɗaya na ribawun, ɗaya na ba da fasin. Minti uku na farko kusa da kwando, don hannu ya saitu. Daga nan kada a jefa sau biyu a jere daga wuri ɗaya. Ya jefa, ya matsa, ya karɓa, ya jefa. Tun binciken Shea da Morgan na 1979 aka san cewa maimaita abu ɗaya a jere yana sa mutum ya burge a ranar atisaye, amma cakuɗa su ne ke sa abin ya zauna. Saboda haka kada ranka ya ɓaci idan ƙwallon ta rage shiga, haka ake so.

A minti biyar na ƙarshe, wanda ya ba da fasin ya bi ƙwallon da gudu, hannu a sama. Idan ya makara, mai ƙwallo ya jefa. Idan ya iso da ƙarfi, mai ƙwallo ya kutsa ta gefensa zuwa kwando. Zaɓi biyu ne kacal, amma su ne rabin wasan zamani.

Mataki na biyar: ƙananan wasanni, inda doka ke koyarwa a madadinka

Ka fara da biyu da ɗaya daga tsakiyar fili, sannan uku da biyu, sannan uku da uku a rabin fili. Uku da uku yana ba kowane yaro ƙwallo da fili fiye da biyar da biyar, kuma babu inda rago zai ɓuya. Shi kansa wasa ne mai zaman kansa yanzu, ya shiga Olamfik a Tokyo 2020, da agogon daƙiƙa 12 na kai hari. Ari wannan agogon: wanda ke jira a gefe ya riƙa ƙirgawa da ƙarfi.

Dabarar ita ce, abin da kake son gani, ka mai da shi doka ko maki, ka rage ihu. Taken yau saurin yanke shawara ne, to doka: duk wanda ya karɓi ƙwallo ya jefa, ko ya kutsa, ko ya miƙa nan take. San Antonio Spurs ta NBA, a zamanin kocinta Gregg Popovich, ta shahara da ƙa'idar rabin daƙiƙa. Ga yara ka ba su daƙiƙa biyu, wanda ya wuce ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Idan tazara kake nema, ka zana murabba'i huɗu da alli a wajen da'ira, ka ce kwandon da aka ci alhali mutum biyu na tsaye a murabba'i ɗaya ba ya ƙirguwa. Idan kana son su riƙa kutsawa su fitar, ka ce jifan da ya biyo bayan ƙwallo ta taɓa cikin akwatin gindin kwando maki ɗaya ne na ƙari. Idan ribawun ne matsalar, ƙwallon da masu hari suka sake cafkewa maki biyu ce ko ba a ci ba.

Doka ɗaya a lokaci guda, biyu in ya yi yawa. Kuma a minti biyar na ƙarshe ka cire ta gaba ɗaya ka gani ko halin ya zauna. Wani lokaci doka takan haifar da abin da ba ka so. Hana buga ƙwallo ƙasa kwata-kwata yana gyara fasin da motsi, amma in ka daɗe a kai sai ka ga yaro ya samu hanya fayau zuwa kwando ya tsaya neman wanda zai miƙa wa.

Da yara 12 da kwando biyu, ƙungiya huɗu ke nan, kowa na wasa a lokaci guda. Da kwando ɗaya, a yi wasa, wanda ya fara kai maki uku ya zauna, amma bayan nasara biyu a jere ya fita, don kada ƙungiya ɗaya ta mallake filin.

Mataki na shida: tsaro

Mutum da mutum za ka koyar. Tsaron yanki, inda kowa ke tsare wuri ba mutum ba, yana cin wasa a gasar yara saboda yara ba su iya jifa daga nesa ba, amma yana fitar da 'yan shekara 17 da ba su san yadda ake tsayawa gaban mutum ba. Huɗu da huɗu a rabin fili: masu hari suna zagaya ƙwallo, mai tsaron mai ƙwallo ya matsa, na kusa ya toshe hanyar fasin, na nesa ya sauko ya taka akwati da ƙafa ɗaya yana ganin mutuminsa da ƙwallon. Fasin uku, sai wasa ya zama na gaske. Masu tsaro ba sa fita sai sun hana ci sau biyu a jere, kuma hanawar ba ta cika sai ƙwallo ta shiga hannunsu. Wanda ya yi tsaro shiru, bai kira "nawa ne" ko "ga shinge hagunka" ba, ba a ƙirga masa.

Mataki na bakwai: biyar da biyar, da yanayi

Kada ka jefa ƙwallo sama ka koma gefe kana hira. Ka ba da yanayi: saura minti biyu, farare na gaba da maki huɗu, ƙwallo a hannun jajaye. A yi amfani da dokokin gaske, daƙiƙa 8 na tsallake tsakiya, 24 na kai hari, 14 idan masu hari sun sake cafke ƙwallon da ta taɓa ƙarfen kwando. Ka ba kowace ƙungiya damar neman hutu sau ɗaya, su tattauna da kansu, kai kana saurare. Abin da za ka ji a minti ɗayan nan zai nuna maka wanda ya fahimci wasan, kuma sau da yawa ba shi ne ya fi cin maki ba.

Dogon yaro ma ya riƙa ɗauko ƙwallo daga baya. Ɗabi'ar dasa shi a gindin kwando tun yana ɗan 13 saboda ya fi kowa tsawo cutarsa take yi. Watakila tsawon ya tsaya nan, ya wayi gari bai iya tafiya da ƙwallo ba.

Bakin koci

A kakar Wooden ta ƙarshe masu bincike biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, sun zauna a atisayensa suna rubuta duk abin da ya faɗa. Kusan rabin maganganunsa umarni ne kai tsaye kan abin da za a yi da yadda za a yi, kuma da wuya ya wuce daƙiƙa 20 yana magana. Babu dogon wa'azi.

Ka gwada haka. Gyaran mutum ɗaya, ka yi masa shi a gefe wasa na tafiya. Kada ka busa usur ka tsayar da mutum goma saboda kuskuren ɗaya. Idan kuskuren na kowa ne, ka busa, kowa ya daskare inda yake, ka tambaya:

"Kai mai ƙwallo, me ka gani?"

"Koci, mutum biyu ne a kaina."

"To su uku ne, biyu na kanka. Wa aka bari?"

Ya waiga ya ga abokinsa a kusurwa shi kaɗai, hannu a buɗe. Ka mayar da ƙwallon inda take, a ci gaba. Bai kai rabin minti ba. Wajen gyaran jifa ma, "ɗaga ta ta sauko daga sama" ya fi shiga kan yaro a kan lissafa masa gwiwar hannu, wuyan hannu da yatsu a lokaci guda.

Gudu a matsayin horon laifi kuwa, ka rage shi. Yaron da ya san zubar da ƙwallo na nufin zagaye fili biyar zai daina gwada fasin mai wuya, kai kuma fasin ɗin kake so ya koya.

Minti biyar na ƙarshe da abin da ke biyo baya

Jifan kyauta a yi shi yanzu da numfashi ke sama, biyu biyu, kamar yadda yake zuwa a wasa. Kowa ya jefa biyu, a tara na ƙungiya, a sa adadin da ake son kaiwa. Sannan tambaya ɗaya ga yara biyu ko uku: yau me ya yi maka wuya?

Idan akwai waya mai kyamara, ka jingina ta a wuri mai tudu lokacin biyar da biyar. Daga baya ka yanko guntaye uku, kowanne daƙiƙa 10 zuwa 15, biyu na abin da aka yi daidai, ɗaya na gyara, ka nuna musu kafin atisaye na gaba. A bayan takardar jadawalinka ka rubuta wasan da ya yi aiki, wanda ya ci lokaci fiye da yadda ka tsara, da dokar da za ka canza. Taken kuma kada ka sauya shi gobe. Ka riƙe shi mako biyu ko uku kana canza wasannin da ke ɗauke da shi, sannan ka sake ba yaron benci takarda da biro a wasa na gaba, ka kwatanta layukan da na baya. Kwana ɗaya kafin wasa a rage tsawon atisaye zuwa awa ɗaya, a bar gudu da yawa, a tsaya kan jifa da yanayin ƙarshen wasa. Kowane yaro ya samu aƙalla kwana ɗaya a mako da ba ya taɓa fili.